A Ce wa Ɗanmusa Kar Ya Manna

Alhamis, 5 ga Satumba 2002, da hantsi

Na share rumfa. Ban san me na share ba, tunda ba wanda ya shiga tun jiya sai kaji. Inda turakuna masu rubutu suka tsaya shekara da shekaru ƙasa ta yi zobe-zobe, kamar inda aka ɗauke randa. Na bi da tsintsiya har hannuna ya gaji, zoben na nan.

Maganar jiya ba zan rubuta ta ba. Waɗanda suka zo sun san sun zo. Biyu a cikinsu ni na koya musu riƙe fensir a aji ɗaya. Ɗayan ma majina na sha share masa, jiya shi ne mai ɗaga murya a kawo amalanke a kwashe turakun.

Yaya Riskuwa, wan baban ɗiyata Hafiza, shi ya yi magana da bakina, tunda gidan a hannunsa yake tun rasuwar ƙanensa a gulbi. Ya ce daga yau Sakinatu ba ta ƙara aika takarda hayin gulbi, ba ta ƙara ajiye itace mai rubutu. Aka juyo aka dube ni. Na ce to. Hedimasta kuma ya aiko wai in ɗan huta a gida tukuna, sai ka ce na gaya masa na gaji.

Ana yayyafi. Ban ɗora tukunya ba.

Jumma'a, 6 ga wata, bayan sallar asuba

Ina cikin lazimi abin ya faɗo mini, sai da carbi ya suɓuce daga hannuna.

Shekaranjiya da na jiyo hayaniyarsu a bakin hanya, Audi mai jirgi yana ƙofar baya, ya zo karɓar saƙo kamar yadda ya saba. Ban tsaya tunani ba. Na buɗe akwati na zaro abu ɗaya da ba zan iya gani a hannun yaran nan ba, na naɗe, na cusa masa, na ce kai wa Ɗanmusa. Iyakar abin da na ce ke nan. Ko layi ɗaya ban haɗa da shi ba.

Takardar baban Hafiza ce. Ita kaɗai ce rubutun hannunsa da ya rage a duniya. Mutumin da rayuwarsa duka komar kamun kifi ce da filafilin jirgi, ajin yaƙi da jahilci ma damina ɗaya ya yi ya gudu. A kan takardar buhun siminti take, da manyan haruffa, da tawadata, da alƙalamina mai faɗin baki. Wato dai kamar kowace takarda da na taɓa aika wa Ɗanmusa.

Ni ce fa na fi kowa sanin yadda masassaƙin nan ke aiki. In na yi waƙa, na zana ta da girman da nake so a takardar siminti, Audi ya ƙetare da ita tungarsu a ɓangaren ƙasar Binin. Ɗanmusa ya jiƙa ƙaro, ya manna takardar a jikin turke ko tsohon filafili, ya sa wuƙa ya bi tawada yana ci har cikin itace. Matarsa Sabuwa ta sa ƙarfe a wuta ta bi ramin haruffan ta ƙona su baƙi, irin yadda take yi wa ƙwarya zane. Abin da ya rage na takarda a wanke shi a gulbi. Babu takardar da ta taɓa zuwa hannunsa ta dawo. Boko kuma ba ya karantawa, sai ajami, shi ma da ƙyar. Zai buɗe, ya ga tawada a takardar siminti, ya ce Malama ta aiko aiki.

Na ba shi ajiya, shi kuwa aiki zai gani.

Jumma'a, da la'asar

Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Alhamdu lillahi.

Lahadi, 8 ga wata, da hantsi

Abin da nake riƙe da shi ɗaya ne. Ƙaro ba ya kama itace mai danshi. Wata damina da na matsa masa, Ɗanmusa ya rubuto mini: “Malama, ki bar aiko mini da gaggawa. Ƙaro ba ya jin maganar kowa sai itace ya sha rana ya ƙoshi. In kina da hanya da masu hadari ki yi musu magana.” Muddin ana ruwa ba zai manna ba.

Wasiƙunsa duk sun tafi a amalanken nan, cikin gwangwanin madara. Amma na hardace su, ai ba su da tsawo. Mutum ne mai rowar magana. Akwai wadda ya ce: “Wutsiyar harafin ƙarshe ta fi itacen tsawo. In yanke wutsiya ko in nemo wani itace?” Na ce ya nemo wani itace. Wata biyu yana fushi, sannan turke ya iso, wutsiya ta zagaye shi har baya.

Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ban san ko dogo ne ko gajere ba. Na dai san in ya gaji ramin harafinsa ba ya zurfi, in kuma ya ji daɗin baiti har gefen ramin yake gogewa. Sabuwa ba ta rubutu, amma kowane aiki da sakainarta yake zuwa, ta ƙona mata zanen kifi uku masu wutsiya ɗaya. Gaisuwarta ke nan. Sakainun suna madafa a saman danga. Su ba wanda ya kula su, fasasshiyar ƙwarya ce.

Talata, 10 ga wata, da azahar

An ce an ga hayaƙi bayan gari jiya. Maɗaci, itacen turakuna, in yana ci da wuta ƙamshinsa daban ne. Ban tambaya ba.

Laraba, 11 ga wata, da yamma

Hafiza ta zo daga Kurgu da goyo. Na ji daɗi har na rasa inda zan sa ta. Ta ƙi cire mayafi, ta zauna a bakin gado kamar baƙuwa.

Ta ce, “Inna, mutanen gidanmu sun ji. Har uwar mijina ta tambaye ni.”

Na ce sun ji me?

“An ce gaban mutane aka karanta wasiƙunai.”

Na ce an karanta. Itace, ƙaro, wutsiyar harafi, ranar da jirgi zai tashi. In akwai abin kunya a ciki to na maɗaci ne.

“Inna, ba abin da ke ciki ba na. Ke ba ki da miji, shi kuma namiji na. Mi yas sa sai shi? Duk masassaƙan Bagudo?”

Masassaƙan Bagudo turmi suka iya da ƙotar fartanya, na kai musu baiti suka yi mini dariya. Ban gaya mata haka ba, ta sani. Na kama hannunta na ce abu ɗaya nake roƙo. In za ta koma ta bi ta mashaya inda jirage ke tsayawa, ta sami Audi, ta ce ya gaya wa Ɗanmusa kar ya manna takardar. Ba rubutu, ba komai, kalma ce kawai.

Ta zare hannunta. Ta ce in aka gan ta tana magana da Audi a wannan makon, ba ta san inda za ta kwana ba. “Takarda ce fa, Inna.”

Na ce ubanki ne ya rubuta.

Ta yi kuka sosai, har yaron ya farka ya taya ta. Amma ta bi ta hanyar mota. Ban ga laifinta ba, ko kuma na gani kaɗan. Ta bar mini fura a ƙwarya, ta ce na rame.

Alhamis, 12 ga wata, da safe

Rana ta fito.

Alhamis, da azahar

Har yanzu rana. Matan gidan Yaya Riskuwa sun baza shanya, ina jiyo su ta kan danga suna cewa Allah ya sa ta ɗore, shinkafar fadama ta kusa nutsewa. Garin nan kaf rana yake roƙo, ni kaɗai ke roƙon hadari. Allah ka yafe mini, na san shinkafar mutane ce.

Ba wadda ta leƙo. Da, ko gishiri ne ya ƙare sai an leƙo.

Asabar, 14 ga wata, da hantsi

Ɗanmusa, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da Sabuwa. Takardar da Audi ya kawo ba ta aiki ba ce. Ka naɗe ta yadda ta zo, ka sa a cikin gora ko tukunya mai murfi saboda gara, ka rataye. Kar ka manna. Kar ka manna.

Na rubuta a nan ne don hannuna ya huta da ƙaiƙayi. Ba inda za ta.

Tun jiya nake tuna faɗanmu na farko. Aikin farko da ya yi mini, filafili ne, ya ga layina ya ɗan karkace sai ya miƙe mini shi, ya daidaita haruffa kamar sojoji. Na mayar masa da filafilin. Na rubuta masa da ajami cewa in ina son abu miƙaƙƙe zan kai wa mai buga tambari a Birnin Kabi. Inda hannuna ya karkace, nan numfashina ya karkace, ya bi shi haka. Ya amsa da layi ɗaya: “Na ji. Ko ƙuda ya faɗa tawadarki zan sassaƙa shi.” Tun daga ranar bai ƙara tambayata dalilin komai ba, abin da ya gani shi yake bi.

Ni na koya masa kar ya yi tambaya.

Lahadi, 15 ga wata, da la'asar

Rana. Ban ɗora tukunya ba. Gari na jiƙa.

Litinin, 16 ga wata, da walaha

Yaya Riskuwa ya shigo, karo na farko tun ranar. Ya tsaya a bakin rumfa yana duban zoben nan na ƙasa. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa, ga shi yana neman kujerar ladanci. Ya ce in yi haƙuri, ƙura za ta lafa, da ba don ya tsaya ba da abin ya wuce haka. Na san gaskiya ne.

Ya ce, “Amma ke ma, Sakinatu, abu tsaye awa mutum, ga baƙaƙe a jikinsa, wasu ma na ajami, awaki na goga jiki. Mi kike so mutane su ce in ba gunki ba?”

Na ce Yaya, ka taɓa ganin ido ko hanci a jikin ɗaya? Turken akuyarka ma ai a tsaye yake.

Bai yi dariya ba. Na so in roƙe shi maganar Audi, har na buɗe baki. Sai na tuna in na ce akwai takardar da ta ƙetare ranar da aka kawo amalanke, na sa Audi a ciki, na sa kaina. Na tambaye shi lafiyar ƙafarsa.

Talata, 17 ga wata, bayan azahar

Na fita. Na ɗauki kwano na ce kifi zan sayo, wanda ya ga dama ya faɗa.

Gulbi ya cika har ya cinye matakalar mashaya. Jirgin Audi na can ƙarshe, ana loda masa buhunan albasa. Da ya hango ni sai ya duƙa yana taɓa inji, injin da ba abin da ya same shi. Na tattare zane na shiga ruwa har ƙwauri.

Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Malama, don Allah ki ruhwa min asiri. Riskuwa ya kira ni gaban mutane, na ɗaga hannu na rantse. Ɗiyansa ka ba ni lodi.”

Na ce ba takarda zan ba ka ba.

“Ni dai abin da kika ba ni na kai, hannu da hannu. Na kuma hwaɗa musu abin da ya hwaru, Sabuwa har hawaye. Bayan wanga ba ruwana.”

Na ce ya buɗe ta?

“Gabana ya buɗe. Ya daɗe yana dubawa.”

Masu dako sun tsaya suna kallonmu. Na ce Audi, ka ce masa kar ya manna. Daidai nan ya ja igiyar inji. Na sake faɗa da ƙarfi, ni da ban taɓa ɗaga murya a bakin gulbi ba, na ce kar ya manna, ba tawa ba ce. Hayaƙi ya turnuƙe, jirgi ya juya. Bai waiwayo ba. Ban sani ba ko ya ji.

Na dawo da kwano ba kifi. Wata tsohuwar ɗalibata ta gan ni a hanya ta tsallaka ɗaya gefen.

Alhamis, 19 ga wata, da hantsi

Bari in rubuta ranar, ko ba komai ta zauna wani wuri.

Da rani ne, shekara biyu kafin baban Hafiza ya tafi. Ya dawo daga kamun kifi, ni kuma ina rumfa na baje takarda, baiti ya zo mini ina tsoron ya gudu. Na manta na ɗora tuwo. Ya yi sallama ban ji ba. Ya shiga madafa ya sauke tukunyar da kansa, ya dawo ya zauna kusa da ni yana ƙarnin kifi. Can sai ya jawo takarda ɗaya, ya karɓe alƙalamin daga hannuna, ya riƙe shi kamar zai soki kifi. Ya daɗe yana fama, harshe a waje. Ya hana ni leƙawa. Da ya gama ya danna babban yatsansa a tawada ya buga a ƙarshe, wai shi ma malami ne, ga tambarinsa.

Sakina bar rubutu, tuwonki ya ƙone,
Ni dai ina jiranki, ko ya ƙone zan ci.

Layin farko ya hau tudu, na biyu ya gangaro. Na yi dariya har na shaƙe. Na ce ai ko awon waƙa ka iya. Ya ce zama da ke ne. Muka ci tuwon nan da ƙaurinsa, ya ce bai taɓa cin mai daɗinsa ba, ƙarya yake.

Duk waƙoƙin da na yi, da waɗanda aka ɗauka a amalanke, zan iya sake su in Allah ya ba ni rai. Wannan ba ni na yi ba.

Asabar, 21 ga wata, da azahar

Rana. Ko gajimare babu.

Litinin, 23 ga wata, da yamma

Na gwada da hannun hagu a ƙasan rumfa, da tsinke. Na san kowane harafi, na san inda ya karkace. Ya fito kamar rubutun malamar da ke kwaikwayon wanda bai iya ba. Na shafe da ƙafa.

Kalmomin suna kaina, ba inda za su. Ba su nake nema ba. Hannunsa nake so in gani.

Laraba, 25 ga wata, da safe

An yi ruwa jiya. Ban ji komai ba. Ya makara.

Jumma'a, 27 ga wata, bayan an sauko

Ina jin mutane suna wucewa daga masallaci, kowa da abokin hirarsa. Na lura yau ban yi magana da ɗan Adam ba tun ranar Talata, sai Bafillatanar da ke kawo nono, ita ma cinikin ludayi ne. Na kira kaji da suna don in ji muryata.

Kewa nake ji, ba ta mutum ɗaya ba. Ta baban Hafiza daban. Amma har da ta ranar da Audi zai buga ƙofar baya da abu naɗe a tsumma, in kwance, in ga abin da na zana da tawada ya dawo da nauyi, ana iya rungumarsa. A garin nan ba wanda ya taɓa ce mini baiti kaza ya yi. Mutum biyu ne suka taɓa kula da inda na ɗiga ɗigo, su ma ba su san me na ce ba, kuma suna wata ƙasa.

Talata, 1 ga Oktoba, da hantsi

Hedimasta ya aiko a karɓi makullin kabad ɗin aji. Na bayar.

Alhamis, 3 ga wata, da la'asar sakaliya

Dole in rubuta yanzu.

Wajen azahar na ji ana sallama a tsakar gida, muryar mace, Hausarta da ɗanɗanon Dandanci, harshen mutanen hayin gulbi. “A sayi akushi, a sayi ƙwarya.” Yaya Riskuwa na zaure, shi da kansa ya ce ta shiga wurin mata. Ta gama da sashensu, ta leƙo nawa. Gajeriya ce, baƙa, ta manyanta, kaya niƙi-niƙi a ka. Na ce mata ba na saye, Allah ya kawo kasuwa. Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta sauke kaya a bakin madafa, ta zauna, ta ɗauko ƙwarya ɗaya ta kife a gabana.

Kifi uku, wutsiya ɗaya.

Na dubi hannunta, yatsun duk tabon wuta. Ta ce a hankali, “Malama, ni ce Sabuwa.”

Ban san lokacin da na riƙe ta ba. Shekarun nan duka ban taɓa tunanin tana da wushirya ba. Na kawo mata ruwa, ta sha, muka rasa ta inda za mu fara. Ni ce na kasa haƙuri. Na ce Audi ya faɗa muku?

Ta ce ya faɗa. A ranar ya iso tunga yana haki, tun daga bakin ruwa yake kiran kar a manna. Ashe ya ji. Ta ce, “Amma Malama, lokacin an gama sassaƙa, an wanke. Ni ma na ƙone layi ɗaya.”

Na ce takardar fa? Ko guntu?

Ta buɗe tafin hannu ta nuna gabas, inda ruwa ke tafiya.

Gulbin nan dai bai gaji da karɓa daga wurina ba. Kaji suka zo suna tsattsagar gammonta.

Can ta ce Ɗanmusa tun ranar bai ƙara taɓa gizago ba. Yana ta tambaya me ya ɓata, Audi kuma bai sani ba. Ya ce ba zai rubuto ba, rubutunsa ya jawo mini abin da ya jawo. Ita ta ce to ita ba wanda ya hana ta tallar ƙwarya a Najeriya. Ta ƙarasa ƙona layi na biyu, don aiki rabi ba shi da amfani ga kowa, ta ɗauko.

Ta kwashe ƙoren da ke sama, ta zaro wani abu daga ƙasan kaya, naɗe a tsohon zane. Na zaci guntun turke ne. Akushi ne, babba, na maɗaci. Ta ce da Audi ya ba su labarin amalanke, ita ta ce wa mijinta kar ya ƙara yin abin da ke tsayawa. Ya yi abin da ke zama a madafa, inda maza ba sa shiga. Sai ya raba takardar biyu, layi-layi, ya zagaya bayan akushin da ita.

Ta ce, “Ya ce in gaya miki, wannan karon hannunki ya yi rawa ƙwarai. Layi ya hau, layi ya sauka. Ya so ya gyara, sai ya tuna faɗan da kika yi masa. Ko ɗigo bai taɓa ba. Ni na ce masa damuwa ce ta sa.”

Na juya akushin a cinyata. Ga shi nan. Layin farko ya hau tudu, na biyu ya gangaro. Inda alƙalami ya kufce masa ya ja dogon ƙaho, ga ƙahon. Inda tawada ta ƙare ya sake dangwalowa harafi ya yi kauri, ga kaurin. Sai da na zagayo ƙarshe na ga wani ɗan rami, zagayayye, an goge cikinsa sumul, an ƙona shi baƙi ƙirin.

Sabuwa ta ce wannan ya ba su wahala. Ba su san ko harafi ba ne. Ɗanmusa ya ce tunda yana takarda, yana aiki.

Na ce ba hannuna ba ne, Sabuwa. Na maigidana ne. Shi ke nan abin da ya bari.

Ta dube ni, ta dubi akushin. Ta sa hannu biyu ta rufe baki. Ta fara cewa wani abu da Dandanci, ina jin sunan Allah a ciki. Na ce kar ta gaya wa Ɗanmusa ya yi laifi, bai yi ba, abin da na koya masa ya yi. Ta ce to me za ta ce masa? Sai ta kamo babban yatsana ta sa a ramin nan. Ya yi mini yawa kaɗan. Yatsansa ya fi nawa.

Na ce ki ce masa ramin ya yi zurfi yadda ya kamata.

Ta tambaye ni abin da rubutun ya ce. Na karanta mata. Ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ce maza duk ɗaya ne, ko a ƙasar Faranshi ko a ta Ingilishi. Ba ta daɗe ba, jirgin da ya kawo ta ba ya jiran kowa. Na ba ta sabulu da ɗan yadin da Hafiza ta kawo mini bara. Ban ba ta takarda ba. A zaure na ji Yaya Riskuwa na tambayarta ko an yi ciniki, ta ce akushi ɗaya.

Jumma'a, 4 ga wata, da safe

Takardar ta tafi. Na faɗa wa kaina da ƙarfi yau, don in daina lissafin rana da hadari. Ba zan ƙara jin ƙamshin tawadar nan ba, ba zan ƙara ganin inda gumin hannunsa ya ɓata gefe ba. Na yi kukan da ban yi ba tun Larabar da aka kawo amalanke.

An yi alkawari da bakina cewa ba zan ajiye itace mai rubutu ba, na kuma ce to. Na sani. Akushin yana madafa a saman danga, tare da sakainun Sabuwa. Ban ɓoye shi ba. Wanda ke so ya shigo madafar ya ɗauka a gabana.

Jumma'a, da magariba ta kusa

Na ɗora tukunya. Itacen ya yi danshi, sai da na sha hayaƙi kafin ya kama. Na yi talge, na tuƙa, na rufe ya turara. Na ce bari in ɗauraye akushin kafin nan.

Na zauna a bakin madafa da shi a cinya, ina bin layin da yatsa, in hau tudu in gangaro, in tsaya a ramin, in sake komawa farko. Ban san iya lokacin ba. Ƙauri ne ya tashe ni. Daga bayan danga wata ta ɗaga murya, karo na farko cikin wata guda, ta ce, “Malama, tuwonki!”

Na sauke. Na kwashe a akushin, har da ƙanzon.

Ya ƙone. Na ci.